Poul la Cour: Malamin ƙauyen da ya koya wa duniya tatsar lantarki daga iska

Daga shekarar 1895 zuwa 1902, ɗaliban wata makarantar kwana da ke ƙauyen Askov a ƙasar Danmak sun riƙa karatun dare da wata irin fitila da ba ta shan kananzir, kuma ba a jawo mata wuta daga birni ba.

Iskar da ke kaɗawa a gonakin ƙauyen ce take juya wata babbar fanka, fankar ta ba da lantarki, a yi amfani da lantarkin a raba ruwa zuwa gas iri biyu, a tara su a tankuna, in dare ya yi a kunna.

Aikin yana da haɗari. Fiye da sau ɗaya gas ɗin ya fashe ya tarwatsa gilasan tagogi, aka sake sa wasu, aka ci gaba.

Mutumin da ya shirya wannan aiki shi ne Poul la Cour, malamin lissafi da kimiyya a makarantar. A yau ƙasarsa tana samun fiye da rabin lantarkin da take samarwa daga iska, kuma masu bin tarihin manyan gandayen fankokin lantarki da ake kafawa a tudu da cikin teku sukan faro labarin ne daga wannan ƙauye.

Ɗan manomi da ya so zama limamin coci

An haifi Poul la Cour ranar 13 ga Afrilun 1846 a wata gona da ke kusa da garin Ebeltoft, a gabashin yankin Jutland. Mahaifinsa manomi ne mai son gwada sababbin dabarun noma, don haka yaron ya tashi yana ganin yadda aikin gona ke cin ƙarfin mutum da na dabba.

Burinsa na farko shi ne ya zama limamin coci. Sai dai a wancan zamani hanyar zuwa wannan matsayi tana bi ne ta harsunan Latin da Girkanci, shi kuwa ba su karɓe shi ba. Inda ya yi zarra shi ne lissafi.

Yayansa Jørgen Carl la Cour, wanda ya yi suna a fannin ilimin aikin gona, shi ya karkato da hankalinsa zuwa nazarin yanayi, wanda a lokacin sabon fanni ne. Ya yi karatu a Copenhagen, babban birnin ƙasar, ya kammala a 1869, sannan ya zagaya wasu ƙasashen Turai don ganin yadda suke aikin. A Holan ya zauna da Buys Ballot, ɗaya daga cikin manyan masana iska na wancan ƙarni.

Da aka kafa hukumar hasashen yanayi ta Danmak a 1872, aka naɗa shi mataimakin darakta yana ɗan shekara 26.

Ƙirƙirar da ta kuɓuce masa

Hasashen yanayi ba ya yiwuwa sai an tattaro rahotanni daga wurare masu nisa cikin gaggawa, kuma hanyar da ake da ita a lokacin ita ce wayar tangarahu. Matsalarta ita ce waya ɗaya saƙo ɗaya take ɗauka a lokaci guda, sauran su jira.

La Cour ya nemo mafita a cikin wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da makaɗan Turai ke amfani da shi wajen saita sautin kayan kiɗa. Idan aka buga shi, yakan yi ta karkarwa da sauri iri ɗaya, ba ƙari ba ragi. Sai ya yi tunanin a ba kowane saƙo nasa sautin, a tura su tare a waya guda, a ɗaya gefen kuma kowane ƙarfe ya amsa sautin da ya dace da shi kaɗai.

A 1874 ya yi rajistar wannan ƙirƙira a Landan. Amma a Amurka, inda kasuwar take, wani mai ƙirƙira mai suna Elisha Gray yana aiki a kan irin wannan dabara. Rikicin mallaka ya taso, kuɗin lauyoyi ya fi ƙarfin aljihun la Cour, ya janye. Gray ne ya samu rajistar.

Bai daina ba. Ya sake ƙera wani faifan ƙarfe mai haƙora wanda karkarwar wancan ƙarfe ke juyawa, haƙori ɗaya a kowace karkarwa, ta yadda za a iya sa na'urori biyu da ke garuruwa daban-daban su riƙa juyawa daidai da juna. An yi amfani da shi a harkar tangarahu da auna lokaci, amma nan ma sai da ya yi jayayya da wani Ba'amurke a kan wanda ya cancanci yabon.

Wannan ne ya nuna masa cewa mai ƙirƙira daga ƙaramar ƙasa, wanda ba shi da babban kamfani a bayansa, wuya ne ya ci moriyar guminsa a kasuwar duniya.

Barin birni zuwa ƙauye

A 1878 ya yi abin da ya ba abokan aikinsa mamaki. Ya bar Copenhagen, ya karɓi aikin koyarwa a Askov, makarantar da ke karantar da samari da 'yan matan karkara.

Danmak ta wancan lokaci ƙasa ce mai jinyar rauni. A yaƙin 1864 ta sha kaye a hannun Prussia da Austria, ta rasa yankunan Schleswig da Holstein. Makarantar manya ta farko a ƙasar, wadda ke Rødding, ta faɗa ɓangaren da aka ƙwace, sai malamanta suka tsallako suka buɗe ta Askov a 1865, 'yan kilomita kaɗan daga sabuwar iyaka, ƙarƙashin jagorancin Ludvig Schrøder.

Irin waɗannan makarantu sun ginu ne a kan tunanin malamin addini kuma marubuci N.F.S. Grundtvig. Babu jarrabawa, babu takardar shaida. Manufar ita ce ɗan manomi ya zo ya buɗe ido na 'yan watanni, ya koma gona ya amfani garinsu.

La Cour ya fito da tasa hanyar koyarwa. Maimakon ya zuba wa ɗalibai ƙa'idojin lissafi su haddace, sai ya riƙa ba su labarin yadda mutanen da suka fara gano kowace ƙa'ida suka yi fama har suka kai gare ta. Daga darussan nan ya rubuta littafi a kan lissafi ta fuskar tarihi, daga baya kuma shi da abokin aikinsa Jacob Appel suka rubuta irinsa a kan kimiyyar fiziks.

Zamansa a Askov ya nuna masa abin da ke cin karkara. Masana'antu masu aiki da injin tururi suna birane, matasa suna ta kwarara can, wasu kuma suna hawa jirgin ruwa zuwa Amurka. Lantarki ya fara shiga manyan birane, amma babu kamfanin da ke tunanin jan waya zuwa gidan manomi.

Danmak ba ta da kwal sai ta sayo daga waje, ba ta kuma da manyan koguna masu gangara da za a datse. Abin da take da shi a wadace, kyauta, shi ne iska.

Matsaloli biyu na iska

Ba la Cour ne ya fara samar da lantarki daga iska ba. A 1887 James Blyth ya kunna fitilun gidansa na hutu a Sikotilan da wata fanka da ya ƙera, kuma a daidai wannan lokaci Charles Brush ya gina tasa a bayan gidansa da ke Cleveland a Amurka. Ta Brush tana da fukafukai 144 na katako, faɗinta mita 17, amma kilowat 12 kawai take bayarwa.

Bambancin la Cour da su shi ne ya ɗauki abin a matsayin bincike mai tsari, kuma manufarsa ƙauye gaba ɗaya ne. Ya nemi tallafin gwamnati ya samu, a 1891 ya kafa fankarsa ta gwaji ta farko a Askov.

Nan take ya ci karo da halin iska. Yanzu ta taso da ƙarfi, an jima ta lafa, alhali janareta yana son juyi mai daidaito. Ƙarfin da ke cikin iska kuwa ba ya hawa a hankali: idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfinta sau takwas yake ninkawa.

Don magance wannan ya ƙera wata na'ura ta bel da ƙafafun juyi da duwatsun awo, ya sa mata suna Kratostat. Idan iska ta yi yawa sai bel ɗin ya ɗan saki, janareta ya ci gaba da tafiya a kan gudunsa. Na'urar ta samu kasuwa har a wuraren sarrafa madara, inda injin raba madara da mai ke bukatar juyi marar tangarɗa.

Matsala ta biyu ta fi girma. Iska takan kaɗa da tsakar dare kowa na barci, ta ɗauke a lokacin da ake neman wuta. Batir na wancan zamani kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin manomi.

Nan ne ya koma ga ruwa. Idan aka ratsa lantarki a cikin ruwa, yakan rabu zuwa haidurojin da oksijin. La Cour ya riƙa tara kowanne a tankinsa, ya ja bututu zuwa makarantar, inda ake haɗa su a fitila a kunna. Harshen wutar haidurojin ba shi da haske sosai, don haka ake saita shi a kan wani ɗan dunƙulen ma'adini da ke yin fari fat idan ya yi zafi.

Fashewar da ta riƙa cin tagogi tana faruwa ne idan ɗan oksijin ya kutsa cikin haidurojin. Duk da haka, shekara bakwai makarantar tana haskaka ɗakunanta da wannan hanya.

Ya kuma gwada amfani da lantarkin iska wajen haɗa takin zamani da wasu sinadarai, da fatan ƙauyuka su samu ƙananan masana'antu nasu. Wannan ɓangare bai kai ga kasuwa ba.

Fukafukai kaɗan sun fi yawa amfani

Maƙeran injinan niƙa masu aiki da iska sun gaji wata fahimta daga iyaye da kakanni: yawan fukafukai da faɗinsu shi ne yawan ƙarfi. Ga mai kallo ma haka abin yake, domin fanka mai fukafukai da yawa takan fara juyi da 'yar iska kaɗan.

La Cour ya ƙi yarda sai ya auna. Daga tsakiyar shekarun 1890 ya gina bututun gwaji, ana hura iska mai sanannen gudu ta cikinsa, yana sa ƙananan samfuran fankoki a bakinsa ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sakamako.

Abin da ya gano ya saɓa wa gadon maƙeran. Fanka mai fukafukai da yawa tana da ƙarfin ja amma tana tafiyar hawainiya, ta fi dacewa da jan ruwa daga rijiya. Janareta kuwa gudu yake so. Don samar da lantarki, fukafukai kaɗan, sirara, masu juyi da sauri su ne suka fi. Ya kuma nuna cewa abin lura shi ne faɗin da'irar da fukafukan ke sharewa, kuma siffar bayan fiffike tana da tasiri kamar gabansa, abin da masu ƙera jiragen sama suka zo suka dogara da shi.

Shi kansa sai da ya biya kuɗin wannan darasi. Da aka gina babbar tashar gwaji a Askov a 1897, an ɗora mata wata fanka mai fukafukai shida da wani maƙeri mai suna Christian Sørensen ya zana. Ba ta yi abin da aka zata ba, bayan 'yan shekaru aka sauke ta aka sa mai fukafukai huɗu irin wadda awon la Cour ya nuna. A 1900 ya wallafa rahoton gwaje-gwajensa.

Suka ya biyo baya. Wasu injiniyoyi a Copenhagen sun ce kuɗin gwamnati ake ɓarnatarwa a kan wasan malamin ƙauye, kuma an rage masa tallafi. Amsar da ya bayar ita ce mayar da tashar gwajin gidan wuta na gaske. Daga 1902 ta fara ba ƙauyen Askov lantarki, da batura don ajiya da injin mai na ko-ta-kwana saboda ranakun da iska ta ƙi.

Makarantar masu gyaran wuta

La Cour ya san inji ba ya daɗewa a ƙauye idan babu mai gyara shi a kusa. A 1903 ya kafa ƙungiyar masu samar da lantarki daga iska ta Danmak, wadda ke ba ƙauyuka da gonaki shawara kan yadda za su kafa tasu tashar. A 1904 ƙungiyar ta fara fitar da mujalla, ta farko a duniya a kan wannan fanni.

A shekarar ce kuma ya buɗe kwas na horar da masu aikin lantarki na karkara. 'Ya'yan manoma da maƙera da kafintoci suna zuwa Askov su koyi lissafi da zane da haɗa waya, sannan su fita su kafa tasha da hannunsu.

Ƙasar ta riga ta saba da aikin gayya. Tun 1882 manoma suka fara haɗa kuɗi suna kafa kamfanonin madara na gama-kai, don haka haɗa hannu a sayi fanka da janareta bai zame musu baƙon abu ba.

La Cour bai ga ƙarshen abin da ya shuka ba. Ya rasu a Askov ranar 24 ga Afrilun 1908, kwana 11 bayan ya cika shekara 62.

Shekara goma bayan rasuwarsa, lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa mai da kwal suka yi wuya, kimanin ƙananan tashoshin wuta 120 a Danmak suna da fankar iska. Jimillar ƙarfinsu ya kai megawat uku, wato kusan kashi uku cikin ɗari na lantarkin da ƙasar ke sha a lokacin.

Da yaƙi ya ƙare, man dizal ya yi araha, manyan tashoshi suka ja wayoyinsu har cikin ƙauyuka. Fankokin suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. An sake waiwayar su a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma sake watsar da su da mai ya dawo.

Ɗalibin da ya riƙe amana

A cikin ɗaliban kwas ɗin 1904 akwai wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Johannes Juul. Ya yi rayuwarsa yana aikin lantarki, amma bai manta da darasin Askov ba.

A 1957, yana dab da shekara 70, Juul ya kammala wata fanka a Gedser, can ƙarshen kudancin Danmak. Fukafukanta uku ne, faɗinta mita 24, tana ba da kilowat 200, kuma tana zuba wutarta kai tsaye a layin ƙasa. Idan aka kwatanta da ta Brush mai fukafukai 144 da kilowat 12, za a ga inda awon la Cour ya kai. Ta yi kusan shekara goma tana aiki kafin a tsayar da ita a 1967, saboda mai ya fi ta araha. Juul ya rasu a 1969.

Shekara huɗu bayan haka, a 1973, rikicin man fetur ya girgiza duniya. Danmak, wadda kusan duk makamashinta ya dogara da man waje, ta kai ga hana tuƙa mota a ranakun Lahadi. Aka koma kan tsohuwar fankar Gedser, aka gyara ta don a auna aikinta, har hukumomin Amurka suka shiga binciken.

Maƙera da ƙananan kamfanonin kayan noma suka kwaikwayi tsarinta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Vestas, wanda ya fara sayar da fankokin lantarki a 1979. A shekarun 1980 jihar Kalifoniya ta sayi dubban fankoki daga Danmak, daga nan tsarin fukafukai uku ya zama shi ne abin da aka sani a duniya.

Daga Askov zuwa cikin teku

A 1991, shekara ɗari cif bayan fankar farko ta Askov, Danmak ta buɗe gandun fankoki na farko a duniya da aka kafa a cikin teku, a Vindeby, mai fankoki 11. A 2002 aka buɗe Horns Rev a Tekun Arewa, mai fankoki 80 da megawat 160.

Yanzu girman ya wuce nan. Gandun Hornsea 2 da ke gaɓar Ingila, wanda kamfanin Ørsted na Danmak ya gina, yana da fankoki 165 da ƙarfin sama da megawat 1,300. A Afirka, gandun tafkin Turkana na Kenya yana da fankokin Vestas 365 masu ba da megawat 310. Sababbin fankokin teku suna da fiffike da ya haura mita 100, kuma guda ɗaya takan ba da megawat 15, ninki biyar na abin da duk fankokin Danmak suka bayar a 1918.

Wannan girma ya zo da abin da la Cour bai nufa ba. Shi ya so kowane ƙauye ya mallaki wutarsa, amma gandayen yau jarin biliyoyi suke ci, kuma galibinsu na manyan kamfanoni ne. Duk da haka ba a rasa ɓurɓushin tunaninsa ba. Gandun Middelgrunden da ke gaban Copenhagen, mai fankoki 20, an gina shi ne rabi mallakar wata ƙungiyar gama-kai ta dubban mutanen gari.

Matsalar da ya fara fama da ita ma tana nan. Har yau iska ba ta bin agogon masu amfani da wuta. Danmak tana rage wannan giɓi ta hanyar wayoyin da suka haɗa ta da Norway da Sweden da Jamus: ta tura musu rara idan iska ta yi yawa, ta sayo idan ta ɗauke. Ɗaya daga cikin hanyoyin ajiya da kamfanoni da gwamnatoci ke zuba wa kuɗi yanzu ita ce raba ruwa da lantarkin iska a tara haidurojin, wato abin da ya riƙa fasa tagogin Askov shekara fiye da 120 da suka wuce.

Ginin tashar gwajin da ya kafa a 1897 yana nan tsaye. An mayar da shi gidan tarihi mai ɗauke da sunansa, inda ake kai 'yan makaranta su ga kayan aikinsa, su kuma yi irin gwaje-gwajen da ya yi da iska da ruwa.